Ɗana ya fi kowa gajarta a ajinsu, me zan yi masa ya yi tsawo?

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema a kan ɗana na fari. Watan jiya ya cika shekara 5, amma duk wanda ya gan shi sai ya ɗauka bai wuce uku da rabi ba. Ranar da na je ɗauko shi daga makaranta na tarar an jera su a layi, shi ne a gaba saboda ya fi kowa ƙanƙanta. Wallahi sai da na ji abu ya tokare min ƙirji. Ƙaninsa da ya ba wa shekara biyu har ya kamo kunnensa.

Ba mai yawan ciwo ba ne, yana wasa, yana da wayo. Matsalar ita ce ci. Da safe shayi da biskit, da rana loma uku ya ture kwano, nama sai ya tauna ya tofar, ganye kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Da dare ba ya barci sai wajen ƙarfe 11, yana riƙe da wayata. Wata ta ce in saya masa maganin buɗe ciki, wani kuma ya ce a riƙa sa shi reto a jikin ƙarfe kullum don ƙashinsa ya miƙe. Ni ba doguwa ba ce, babansa ma haka. Ku taimaka min da abin da kuka sani, hankalina ba a kwance yake ba.

Uwar 'ya'ya huɗu:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki. Abu na farko, ki raba shi da biskit da lemon kwalba tsakanin abinci. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, idan zaƙi ya riga ya cika shi babu inda abincin kirki zai zauna. Nawa na biyu haka ya yi min, da na ɗauke kayan kwalam daga gidan, cikin sati biyu da kansa yake zuwa ya ce yunwa yake ji.

Wata 'yar'uwa:
Ni dai maganin buɗe cikin nan na ba 'yata, wani haɗi ne a kwalba. Cikin sati uku kumatunta suka ciko, kowa yana cewa ta yi kyau. Ki gwada.

Ma'aikaciyar jinya:
'Yar'uwa mai maganin kwalba, don Allah ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don in kunyata ki ba ne. Da yawa daga irin waɗannan haɗe-haɗen da ake sayarwa babu takardar likita akwai sitiroyid a ciki, wato wani rukunin magani mai ƙarfi, irin su deksametason. Cikowar kumatun da kike gani ba lafiya ba ce, ruwa ne da kitse suke taruwa a fuska. Kuma abin takaicin shi ne wannan maganin, idan yaro ya daɗe yana sha, tsawon ma yake dannewa, ya raunana ƙashi, ya rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Wato ana neman ƙiba a samo rama. Mai tambaya, kada ki ba shi.

Yanzu ga maganar ɗanki. Layin makaranta ba ma'auni ba ne. A aji ɗaya za ki samu wani ya girmi wani da wata goma, ga kuma bambancin iyaye. Abin da muke dubawa a asibiti shi ne saurin girman yaron shi kansa, daga bara zuwa bana. Jariri yakan ƙara kusan santimita 25 a shekararsa ta farko, wajen 12 a ta biyu, daga nan abin ya riƙa lafawa, har ya zama daga shekara 4 zuwa gab da balaga santimita 5 zuwa 6 ne a shekara. Yaron da yake ƙara wannan, ko da shi ne gajeren aji, girma yake yi. Wanda ya kasa kai 4 a shekara shi ne muke cewa a kawo shi a bincika.

Ki auna shi gobe da safe. Ya cire takalmi, ya jingina da bango, diddige da duwawu da ƙeya suna taɓa bangon, idonsa yana kallon gaba. Ki ɗora littafi mai tauri a kansa ki ja layi, sannan ki auna da tef. Ki duba katin awonsa ko akwai tsawon da aka rubuta bara. Ki kawo min lambobin tare da tsawonki da na babansa.

Mai tambaya:
Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Na auna, santimita 103 ne. A katin an rubuta 97 lokacin da ya cika shekara 4. Ni 155 ce, babansa 165.

Ma'aikaciyar jinya:
Alhamdulillahi, to kin ga santimita 6 ya ƙara a shekara guda, daidai abin da ake so. A jadawalin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fitar a 2006, matsakaicin tsawon yaro namiji ɗan shekara 5 santimita 110 ne, kuma sai ya gaza kusan 101 ake kiransa tsumburarre. Naki yana ɓangaren ƙasa, amma yana cikin iyaka, kuma layin jadawalin da yake kai bara a kansa yake bana.

Akwai wani lissafi da likitocin yara suke yi don hasashen tsawon da yaro zai tsaya a kai. A haɗa tsawon uwa da na uba, idan namiji ne a ƙara 13, idan mace ce a cire 13, sai a raba biyu. Naku ya ba da 166 da rabi, kuma yana iya ɗarawa ko ya gaza da kusan santimita 8. Hasashe ne kawai, amma yana nuna miki cewa kaso mafi yawa na tsawon mutum gado ne. Babu abinci ko atisaye da zai kai shi inda jininsa bai tanadar masa ba. Abin da ke hannunki shi ne kada ya gaza nasa rabon saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, ko ƙarancin barci, ko ciwon da ba a kula ba. Wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, domin yaron da ya daɗe ba ya samun abin da jikinsa yake buƙata yana iya rasa santimitoci da dama da ya kamata ya samu.

A ɓangaren abinci ba sai kin nemi wani abu na musamman ba. Yaro mai shekarunsa yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 19 a rana, ƙwai ɗaya kuma yana da kusan 6. Idan ya ci ƙwai ɗaya, ya sha madara kofi biyu, ya ɗan taɓa wake ko kifi, ya wuce wurin. Madarar ce kuma za ta ba shi kalsiyam na ƙashi, kofi ɗaya yana da kusan miligiram 300. Amma kada ki wuce kofi biyu, madara idan ta yi yawa ita ma tana kashe yunwa. Naman da yake tofarwa, ki gwada niƙa shi ko ki yayyanka ƙanana a cikin abinci, saboda nama da kifi da hanta da wake su ne masu sinadarin ƙarfe da zink, waɗanda ƙarancinsu yake rage cin abinci da girma baki ɗaya. Shayin safen nan kuma ki canza shi. Ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, lemon zaƙi da tumatir kuwa taimaka masa suke yi. Ki tabbatar gishirinku mai ayodin ne. Idan ya daɗe bai sha maganin tsutsar ciki ba, ki tambaya a asibiti.

Malamin wasanni:
Hajiya, ni a kan maganar reto zan ce wani abu, tunda shekarata goma sha ina koyar da yara motsa jiki. Reto a jikin ƙarfe ba ya ƙara tsawon ƙashi. Ƙashi yana tsawo ne daga wani faifan guringuntsi da ke kusa da ƙarshensa, wurin gwiwa da wuyan hannu da sauransu, kuma ja ba ya sa shi sauri. Abin da yake ruɗar mutane shi ne, kowa ya fi tsawo da safe da kusan santimita 1, saboda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana matsewa da rana ya sake da dare. Sai a auna yaro bayan ya yi reto ko bayan ya tashi daga barci a ce ya ƙaru. Idan yana son reton don wasa a bar shi ya yi, yana ƙarfafa hannu da kafaɗa. Amma kada wani babba ya kama ƙafafunsa ko hannayensa yana ja, ana gurɗe gwiwar hannun yara ta haka.

Abin da motsa jiki yake yi na gaskiya shi ne ya sa ƙashi ya yi ƙwari, ya buɗe cikin yaro, ya gajiyar da shi ya yi barci da wuri. Daga shekara 5 ana so yaro ya samu aƙalla minti 60 a rana na wasan da zai sa shi haki da gumi. Guje-guje, tsalle, ƙwallo, tsallen igiya, keke, hawa da sauka. Ba sai a jere ba, minti 15 nan 20 can duk lissafi ne. Kuma a waje ya fi, don hasken rana a fata shi ne yake sa jiki ya samar da bitamin D, wanda idan babu shi kalsiyam ɗin madarar ba zai shiga ƙashi yadda ya kamata ba. Ɗan shekara 5 ba ya buƙatar atisaye mai tsari, abokan wasa da fili yake buƙata.

Kakar yara:
'Yata, ni abin da ya tsaya min a rai barcin nan ne. Yaro ɗan shekara biyar har sha ɗayan dare da waya a hannu, kuma da asuba a tashe shi makaranta? Ki karɓe wayar tun bayan cin abincin dare, a rage haske, ki kwanta kusa da shi ki ba shi labari. Kwana uku zai yi yana kuka, na huɗu zai saba. Sannan kada ki yi masa ɗura, kada ki bi shi da cokali ɗaki ɗaki. Ki zuba masa kaɗan, ku zauna ku ci tare, idan ya ƙi ki ɗauke ba faɗa, kuma kada ki musanya masa da biskit. Abincin da ya ƙi yau ki sake kawowa jibi, wani sai an kawo sau goma kafin yaro ya yarda ya ɗanɗana.

Abu ɗaya kuma nake roƙonki. Ku daina maganar gajartarsa a gabansa, ke da baƙinki duka. Yana ji, kuma yana ajiyewa.

Ma'aikaciyar jinya:
Mama ta faɗi gaskiya a kan barcin. Mafi yawan homon, wato sinadarin da ke sa girma, jiki yana sakinsa ne lokacin barci mai nauyi, kuma yaro mai shekarunsa awa 10 zuwa 13 yake buƙata. Idan zai tashi ƙarfe 6, ya kamata ƙarfe 8 ta same shi a kwance.

Wani uba:
Duk abin da aka faɗa na yarda da shi, amma bari in ƙara nawa don masu karantawa da yanayin ɗansu ya bambanta. 'Yata ta kusa shekara biyu tana sa kaya ɗaya ba su yi mata kaɗan ba. Kowa yana cewa gado ne, ni ma na yarda, tunda mu ba dogaye ba ne. Ga yawan barci, ga jin sanyi, ga taurin bayan gida, fatarta ta bushe. Da muka je wurin likitan yara aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙashin hannunta na hagu don a ga shekarun ƙashin, sai aka gano tayirod ɗinta, wata halitta a wuya mai fitar da homon, ita ce ba ta aiki sosai. Ƙwaya ɗaya take sha kullum da safe, kuma tun daga shekarar farko ta fara kamo sa'o'inta. Har yau ina jin zafin lokacin da muka ɓata. Likitan ya ce mana sikila da ciwon ƙoda da ciwon hanjin da ke hana abinci shiga jiki su ma suna hana yaro tsawo. Don haka wanda ya ga yaro ya tsaya cak, ko yana yawan gudawa, ko yana ramewa, ko ya ɗashe, kada ya zauna a kan gado ne, ya kai shi a duba.

Wata 'yar'uwa:
Innalillahi. Anti, maganarki ta tayar min da hankali. Wata biyu ke nan 'yata tana shan haɗin nan kullum. In zubar yau?

Ma'aikaciyar jinya:
A'a, kada ki tsayar mata lokaci ɗaya. Idan akwai sitiroyid a ciki kuma ta kai wata biyu tana sha, jikinta ya rage samar da nasa sitiroyid ɗin na halitta, yankewa farat ɗaya yana iya jefa ta cikin hatsari. Gobe ki ɗauki kwalbar da yarinyar ku je wurin likita, ki faɗa masa gaskiyar adadin da take sha da tsawon lokacin, shi zai tsara yadda za a rage a hankali. Idan kafin nan kika ga tana amai ko jikinta ya saki, kada ki jira gari ya waye.

Mai tambaya:
Allah ya ba ta lafiya 'yar'uwa, ki sanar da mu yadda kuka yi. Ni ma na gode muku duka. Daren jiya na karɓe wayar, ya yi kuka har ya gaji, amma tara da rabi ya yi barci. Da safe na ba shi madara da dafaffen ƙwai a maimakon shayi, ya ci farin ya bar gwaiduwar. Anti, layin da na ja a bango na rubuta kwanan wata a gefensa. Yaushe zan sake aunawa?

Ma'aikaciyar jinya:
Bayan wata shida, da safe, a wannan bangon, da wannan tef ɗin. Kada ki riƙa aunawa duk sati, yara ba sa girma a jere, wani watan shiru wani watan su zabura. Santimita 2 da rabi zuwa 3 muke sa ran gani. Idan bai kai 2 ba, ki tafi da shi wurin likitan yara tare da katin da lambobin nan duka. Gwaiduwar kuma ki murƙushe ta a cikin abincin ranarsa.