Karen maƙwabcinmu na neman mutuwa a ɗaure, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Shekararmu 6 a Rigasa, Kaduna. Bara da azumi ɓarayi suka haura gidan maƙwabcinmu, suka kwashe injin ruwa da batiran sola biyu, har da shinkafar sallah, kuma daren ma muna farke muna jiran sahur amma ba mu ji komai ba. Shi ne ya sayo kare. Tun ranar yana ɗaure a lungun da ke jikin katangarmu, sarƙar ba ta fi taku uku ba. Daga tagar kicin nake hango shi. Kwanon ruwansa ya kife tun shekaranjiya, ba wanda ya tayar. Kaska ta cika masa kunne, wuyan ya saɓule inda sarƙa ke gugarsa, ƙuda sai bi suke. Ko haushi ya daina, sai kuka da dare. Nakan jefa masa ƙanzo. Ɗana mai shekara 14 yana so ya riƙa fita da shi bayan asuba ya miƙe ƙafa, babansu ya ce kul. Ya zan yi?

Baban Yara: Hajiya, kin yi wa mai karen magana?

Malamin Islamiyya: Maganar a fili take. Bukhari da Muslim sun ruwaito matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Shari'a ta yi rangwame a karen farauta da na kiwo da na gona, malamai sun haɗa da na gadi, amma ba ta ce a azabtar da shi ba. Maigidanki ya sami mai karen gobe. In ya ƙi ji, sai mai unguwa.

Uwargida: Mutane na kwana da yunwa kina ta kare? Ni karnukan 'yan farauta suka kashe mini akuya mai ciki, har yau ko haƙuri ba a ba ni ba.

Ɗan Samaru: Anti, kar ki bar yaron ya kusance shi. Karen da ya daɗe a ɗaure ya fi saurin cizo, kuma kin san ko an yi masa allurar haukan kare? Tun yana wata uku ake farawa, a riƙa maimaitawa duk shekara, a Vom kusa da Jos ma ana yin ta. In ya ciji mutum a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a garzaya asibiti. In alamun cutar suka bayyana, da ƙyar ake tashi.

Mai tambaya: Ai ya san yaron, yana kaɗa masa wutsiya. Batun magana kuwa, ni da matar gidan ba ma gaisawa tun rigimar kwata.

Malamin Islamiyya: To kin ga asalin matsalar. Gaba fiye da kwana uku haramun ce. Ki shiga ki yi sallama, maganar kare ta biyo baya.

Mai tambaya: Malam, ita ta fara. Sau biyu ina gaishe ta tana kawar da kai.

Baban Yara: Ki daina jefa abincin nan. Ranar da ya mutu za a ce ke kika sa masa guba. An yi wa ƙanena haka a kan tantabaru, sai da aka je ofishin 'yan sanda.

Malamin Islamiyya: A'a, ta ci gaba. An gafarta wa wanda ya ɗebi ruwa da huffinsa ya shayar da kare.

Mai tambaya: Ƙanzo kam ba zan fasa ba. Ruwan ne ban san yadda zan yi ba, na zura roba da igiya ɗazu ta kife. Akwai mai wata dabara?

Uwargida: Akuyata dai har yanzu shiru.