Neman suna ga abin da ake bugawa a ƙwallon gora na ƙanƙara

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan gabatar da shiri a kan Jarome Iginla, ɗan wasan ƙwallon gora na ƙanƙara da aka haifa a Edmonton ta ƙasar Kanada a 1977, wanda mahaifinsa Bayarabe ne daga Najeriya. Ya yi wa ƙungiyar Calgary Flames wasa daga 1996 zuwa 2013, ya ci ƙwallo 625 a gasar NHL, babbar gasar wasan a Kanada da Amurka, kuma shi ya miƙa wa abokin wasansa Sidney Crosby bugun da ya ba Kanada lambar zinare a kan Amurka a Olamfik na 2010. Inda na cije shi ne sunan abin da suke bugawa. Baƙar roba ce mai tauri, mai siffar gwangwanin man shafawa, faɗinta inci 3, kaurinta inci 1, kuma sai an daskarar da ita kafin wasa don kada ta riƙa tsalle.

Mai fassarar labarai: Hajiya, ki ce faifai. Mai sauraro ya san faifan rufe ƙwarya, ya san na garmaho, nan take zai ga siffar.

Malamin Hausa: Faifai siriri ne marar nauyi, wannan kuwa yana fasa haƙori. Tunda sulɓi yake yi a kan ƙanƙara, ina ba da shawarar sulɓau, a kan awon mantau da makarau, domin harshen da ya daina haifar kalmomi ya fara zama ɗan amshin shata.

Tsohon ɗan jarida: Malam, awon nan halin mutum yake nunawa, don haka mai sauraro zai ɗauka laƙabin Iginla ne. Ban da haka, in an kori ƙwallo, yaya za a faɗi cewa ya ci 52 a kakar 2001 zuwa 2002, ya zarce kowa a gasar?

Malamin Hausa: Alhaji, ku 'yan jarida kuka saba wa jama'a da abin da ya zo hannu, sa'annan ku ce mana shi jama'a suka sani. Jirgin sama ma wani ne ya fara faɗinsa.

Tsohon ɗan jarida: Da tsofaffin kalmomi biyu ya faɗe shi, shi ya sa ya zauna.

Mai shirin rediyo: Na gode, iyayena. Zan bayyana siffarsa sau ɗaya da sunan faifan roba, daga nan in ci gaba da ƙwallo, saboda ina da labarin wasan ƙarshe na kofin Stanley (kofin zakarun NHL) na 2004, wanda ƙungiyar Tampa Bay ta doke Calgary Flames a karawa ta bakwai, kuma ba na son sabuwar kalma ta raba hankalin mai sauraro a wurin.

Malamin Hausa: Shirinki ne, Hajiya, ba zan hana ba. Faifan roba na karɓa ba da son raina ba, amma abin da ba ya mirgina ban yarda a kira shi ƙwallo ba, kuma a aji sulɓau zan ci gaba da cewa.