Breka na faɗuwa in na kunna AC, ga zafi ya ƙarato: in canza breka ko in sake jan waya?

Abu Hanif, Kubwa

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya taɓa faruwa da su. Gidana ɗaki uku ne da falo, a gine na saye shi, ban ga lokacin da aka ja wayarsa ba. Akwatin wutar breka shida ne, mitar mai layi ɗaya ce. Bara na sa AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi a falo, aka jona shi a soket ɗin bango. In yana aiki, firiza na aiki, uwargida ta jona dutsen guga ko butar lantarki, sai breka ta faɗi. Bana mahaifiyata za ta zauna da mu saboda ganin likita, tana da hawan jini, ba za ta iya zafin Maris da Afrilu na Abuja ba. Dole in sa wani AC a ɗakinta.

Na kira masu gyara biyu. Na farko ya ce brekar ce ta yi ƙanƙanta, a cire mai amp 20 a sa mai amp 32, N12,000 har kuɗin aiki. Na biyu ya buɗe akwatin, ya daɗe yana dubawa, ya ce shi ba zai sa hannu ba sai an ja wa kowane AC layinsa daban, an sake akwatin, an buga sandar ƙasa, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. N280,000. Tsakanin kuɗin nan biyu akwai nisa. Wane ne ke faɗa mini gaskiya?

Sadiq Sola

Wa alaikumus salam. Yallaɓai ka sa sola kawai ka huta. Ni shekara biyu ke nan ban san an ɗauke wuta ba.

Maman Ilham

Malam Sadiq, mutum yana lissafin N280,000 kana kawo masa zancen miliyoyi. Kuma ko solar ce ai ta cikin wayar gidan za ta bi. Allah ya ba Mama lafiya, Abu Hanif.

Ɗan Tudun Jos

Ka turo mana Hajiya nan Jos, mu ko a Afrilu da bargo muke kwana wani lokacin. Kuɗin mota ya fi kuɗin breka sauƙi.

Baban Ummi, Lugbe

Ɗan'uwa, don girman Allah kada ka bari a sa maka brekar nan mai 32. Ni na yi, kuma har yau ban farfaɗo ba.

Shekara uku ke nan. Gidan haya nake, irin matsalarka sak. Wanda ya zo gyara ɗan'uwan matata ne, shi ya sa ban yi masa musu ba. Ya canza breka, minti goma bai cika ba, ya ce an gama. Sati biyar muna jin daɗi, ba ta sake faɗuwa ba ko sau ɗaya, har ina yaba shi a wurin mutane. Wani dare a Afrilu an ɗauke wuta tun la'asar, aka dawo da ita wajen ƙarfe ɗaya, komai na gidan a kunne. Warin roba ne ya tashe ni. Na haska fitilar waya sama, na ga silin ɗin ɗakin yara yana ɗiga kamar kyandir, ɗigo ɗaya ya sauka a kan katifar da ƙaramar take kwance, tazarar tafin hannu da ƙafarta. Na kwashe su ukun na yi waje, ko takalmi babu. Na koma in kashe wuta daga akwati, wallahi brekar tana tsaye a sama, ba ta faɗi ba.

Maƙwabta sun yi ƙoƙari da bokiti, amma ɗakuna biyu sun tafi. Takardun makarantata, kayan ɗakin matata, da akwatunan lefen ƙanwata da aka ba mu ajiya saura wata ɗaya biki. Da gari ya waye na tsinci guntun waya a cikin toka, na kankare ta da wuƙa, cikinta fari fat. Alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Mai gida ya ce ni na taɓa masa wuta ba da izininsa ba, ya riƙe kuɗin hayar wata takwas da suka rage. Shi kuma mai gyaran har gobe muna haɗuwa a wurin suna da biki, bai taɓa ce mini ko sannu ba.

Maman Ilham

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, Baban Ummi. Tunda yara sun tsira, alhamdulillah.

Injiniya M.

Allah ya kiyaye gaba. Abu Hanif, abin da ya faru a gidan Baban Ummi shi ne amsarka. Breka waya take tsarewa, ba AC ba. Wayar soket yawanci mai kaurin 2.5mm² ce, kuma a cikin bututu a bango abin da take ɗauka lafiya bai wuce amp 20 da ɗoriya kaɗan ba. Ka yi lissafi a kan volt 230: AC ɗinka yana jan kamar amp 5 zuwa 6, lokacin tashi ya ninka haka na ɗan lokaci. Butar lantarki mai wat 2,000 kusan amp 9 ce, dutsen guga ma yana iya kaiwa kusa da haka. Ga firiza, ga talabijin. Ka ga an cika layin. Sannan ƙarfin da aka rubuta a jikin breka a kan zafin digiri 30 aka auna shi, mu kuma a Maris muna haura 35, cikin silin ya fi haka nesa. Shi ya sa take saurin faɗuwa da zafi. Aikinta take yi. In ka sa mai 32, waya za ta yi ta gasuwa breka na kallo.

Na biyun ya fi gaskiya, sai dai ba lallai a sake akwatin duka ba in akwai gurbi. Kowane AC layinsa daga akwati, brekarsa mai 20. A ɗaure duk sukurorin da suka saki, don waya mai lilo ita ke fara baƙi. A sa ELCB mai 30mA, wato brekar da ke katse wuta in ta fara yoyo, a gwada sandar ƙasa da na'ura, ba da ido ba.

Oga Sale Waya

Injiniya, da girmamawa, shekarata 22 ina jan waya a garin nan, tun Gwarinpa ana gininta. Breka 32 a kan waya 2.5 ba haramun ba ce. Haka ake yin ring na soket, kuma a littafinku ma yana nan. Ku kuna ofis, mu muke shiga silin.

Injiniya M.

Gaskiya ne Oga Sale, in ring ne na gaske, wayar ta fita daga akwati ta zaga ta dawo, bakinta biyu a ƙarƙashin breka ɗaya. Gida nawa ka buɗe a Kubwa ka tarar an yi haka?

Oga Sale Waya

Wanda ni na yi, haka yake.

Baban Ummi, Lugbe

Wanda ya ƙona mini gida shi ma cewa ya yi shekararsa 15 yana aiki.

Oga Sale Waya

To Alhaji kada a yi mana kuɗin goro. Wayar jabu ce ta ƙona maka gida, kai da bakinka ka faɗa. Mai gidan da ya sayi waya mai araha shi za ka riƙe.

Hamza Dutse Alhaji

N280,000 ta yi yawa. Watan jiya aka ja mini layin AC biyu, waya da breka da kuɗin aiki N95,000.

Hajiya Turai, Karu

Malam Hamza wace irin waya aka sa maka? Ni nadi ɗaya na mai 4 kawai na saya a kasuwar Gudu sama da N80,000, kuma ja da baƙi da kore ake buƙata.

Hamza Dutse Alhaji

A kasuwar Dei-Dei yaron ya sayo, ya ce N38,000 nadi. Ban bi shi ba gaskiya.

Baban Ummi, Lugbe

Malam Hamza, yau ɗin nan ka samo ragowar wayar ka kankare ta. Ina roƙonka. In babu ragowa a kashe wuta a buɗe soket ɗin a duba.

Ɗan Tudun Jos

Yau Malam Hamza a tsakar gida zai kwana, da guga cike da ruwa a gefensa.

Abu Hanif, Kubwa

Na gode ƙwarai, jama'a. Na kira na biyun ya dawo, ya kashe babban makunni ya cire murfin a gabana. Waya ɗaya ce tak a ƙarƙashin brekar soket, ba biyu ba, kuma robar bakinta ta yi ruwan ƙasa, da ya taɓa sai ta ɓare. Soket ɗin falo da kicin da ɗakuna biyu duk a kanta suke. Gurbi babu ko ɗaya a akwatin. Abin da ya rage mini: na AC ɗin, mai 2.5 ta isa ko sai mai 4? Ɗakin Mama shi ne mafi nisa daga akwati. Kuma ko AC mai inbata zai rage nauyin?

Sadiq Sola

Mai inbata ya fi, ba ya fizgar wuta lokacin tashi. Kuma in ka zo sa sola daga baya shi zai yi maka.

Malam Ɗanjuma, Kubwa

Maƙwabci, ko wayar zinare ka ja, in wutar da ke shigowa ba ta da ƙarfi wahala ce. A layinmu da an yi magariba sitabilaizata volt 160 take nunawa, wani lokacin 140. Fanka tana juyawa kamar mai jin barci. AC sai ya yi gurnani ya tsaya, ya sake gurnani. Haka kwamfuresata ta ƙone bara. Taransifoma ɗaya, an yi ta don gidaje ƙalilan, yanzu kowane fili an cika shi da ɗakunan haya, ga masu walda biyu, ga mai ƙanƙara.

Hajiya Turai, Karu

Kada ka tuna mini. Sau uku ana karɓar mana N10,000 kowane gida da sunan gyaran taransifoma. Kwamitin unguwa ba su taɓa kawo rasit ba. Da na tambaya a taro aka ce mata ba sa magana a nan, in turo maigida. Maigidan da ya rasu shekara shida?

Malam Ɗanjuma, Kubwa

Subhanallah, Hajiya. Mu kuma namu masu hali ne suke kiran yaro da dare ya hau fal ya mayar da su layin da ya fi ƙarfi. Kowa ya koma can, shi ma ya durƙushe, fis ya tashi, a kwana uku a duhu.

Injiniya M.

Wannan hawa fal ɗin shi ke sa nutiral, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ya saki. In ya katse, wani gida wutarsa ta yi ƙasa, wani ta haura ta nufi volt 400, ta kwashe firji da talabijin a minti ɗaya.

Oga Sale Waya

A nan kam mun yarda da juna, Injiniya. Amma mai walda shi ma kuɗin wuta yake biya. Tun da aka kai Band A, rukunin masu samun wuta sosai, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 wa ya isa ya ce masa ya tsaya da aiki?

Hajiya Turai, Karu

Ya biya mana, amma ya sa tasa taransifomar. Kuma ni ba mai walda ne ya ci kuɗina ba, ma'ajin kwamiti ne. Asabar mai zuwa akwai taro bayan la'asar, zan je da ƙanina da takardar duk abin da na biya. Malam Ɗanjuma, ku a unguwarku wa ke riƙe kuɗin, mutum ɗaya ne ko asusun banki kuka buɗe?