Leshina ya lalace a injin wanki, me ya faru da naku?

Amarya daga Kaduna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Cikin kayan ɗakin da aka yi mini akwai injin wanki, irin mai ƙofa a gaba. Makon jiya na jefa leshina mai duwatsu, na cikin lefe, ya fito duwatsun wuya duk sun zube, zare kuma ya ja a hannu ɗaya. Wallahi har hawaye na yi. Yanzu ga labulen falo ya sha ƙurar hunturu, ga shaddar maigida, duk ina tsoron taɓawa. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Uwargida daga Zariya: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya mayar miki da alheri. Kafin komai, duba ƙasan injin ta gaba, akwai 'yar ƙofa, matata tana ciki. Kashe wuta, shimfiɗa tsumma, ki tara faranti, sannan ki murɗe a hankali don ruwa zai biyo. Duwatsunki suna can. Ni sai da nawa ya daina zubar da ruwa, mai gyara ya ciro duwatsu da fil ɗin mayafi biyu, kana na sani. Yawancin duwatsun nan da gam aka liƙa su, ruwan ɗumi da juyi kuwa ɗaye gam suke yi. Tun daga nan leshi mai dutse sai hannu. Marar dutse nakan juya shi bai, in cusa a rigar filo, in ɗaure bakin, in kai maɓallin inda aka rubuta Delicate, ruwan sanyi, lambar gudun matsa kuma kada ta wuce 600.

Tela daga Kano: Hajiya, shaddar maigida dai ki bar ta. Sheƙin shadda irin su Getzner ba daga rini yake ba, matse yadin ake yi da zafi a masana'anta har fuskarsa ta kwanta. Inji yana murje shi, ya bar farin layi duk inda yadin ya karye, kuma layin nan guga ba ta ɗauke shi. An sha kawo mini babbar riga aikin wuyanta ya tattare saboda zaren ya shige, yadin bai shige ba. Abin yana min ciwo, don na san kwana nawa mai aikin ya yi a kai. A jiƙa ta a ruwan sanyi da sabulu kaɗan, kada a murɗa, a shanya a inuwa, a kai wa masu bugu. Mai rinin baba irin na Ƙofar Mata kuma ita kaɗai ake wankewa, tana zuba. Hula ko kusa, wannan aikin masu wankin hula ne.

Wata daga Maraɗi: Labule ni na wanke lafiya lau. Na kaɗe ƙurar a tsakar gida tukuna, na cire ƙugiyoyin duka, na sa falle biyu kawai. Da ɗan danshinsa na mayar da shi kan ƙarfensa, nauyinsa ya miƙar da shi, ko guga ban yi ba.

Uwargida daga Zariya: Kin yi sa'a 'yar'uwa. Nawa na tagar da rana ke duka shekara huɗu, ya fito a yage tsaye-tsaye, ashe rana ta riga ta cinye zaren. Yanzu nakan ɗan ja gefe da yatsu, in na ji ya yi rauni ba ya shiga inji.

Ma'aikaciyar lafiya daga Gusau: Ina roƙon ku da gidan sauro mai magani. Nakan shiga gidaje in tarar an wanke shi da garin sabulu har da bilic, an baza a rana. Maganin da ke jikinsa an yi shi ya jure wanki kamar sau 20 ne, shi ma na hankali. A bokiti, ruwan sanyi, sabulu mai sauƙi, shanya a inuwa. Ruwan kuma kada a zuba a rafi ko tafki, yana kashe kifi.

Maman 'yan biyu daga Jos: Rigar sanyin ulu da mahaifiyata ta saƙa wa yarana ce ta koya mini karanta 'yar takardar da ke wuyan kaya. Na sa ta a ruwa mai zafin digiri 60, ta fito ta ƙanƙance ta yi tauri, ba ta sake dawowa ba. In kin ga hoton baho da hannu a ciki, wankin hannu ke nan. Baho da aka soke da gicciye, kada ruwa ya taɓa kayan. Lamba 30 ita ce iyakar zafin ruwan, layi a ƙarƙashin bahon kuma yana nufin a bi a hankali. Darduma mai roba a bayanta ita ma ki kiyaye, tawa robar ta marmashe ta cika injin.

Amarya daga Kaduna: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, na buɗe matatar yanzun nan, ga duwatsu fal tafin hannuna, zan kai wa tela ya gwada mayarwa. Saura bargo, irin mai nauyin nan na lefe. Injina na kilo 7 ne, zai ɗauka?

Wata daga Maraɗi: Cusa shi a bushe ki gani. In hannunki bai samu wurin shiga ta samansa ba, fito da shi. Nawa da ya sha ruwa injin ya dinga bugun bango har ya tsaya da kansa, sai a babban baho muka tattaka shi da ƙafa, ni da yara.