Shawarwari ga mai son horar da masu tsaron raga a hokin ƙanƙara

A wata tattaunawa kan aikin horar da masu tsaron raga a jami'o'in Amurka, masu ba da shawara sun fi nanata haƙuri. Shekaru da dama, kocin masu tsaron raga galibi ɗan sa-kai ne, ba albashi, sai a 2023 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in ta soke matsayin koci ɗan sa-kai a rukuninta na farko. Shi ya sa suka ce ka riƙe sansanin horar da yara lokacin hutu, domin cefane.

Shawarar da ta fi taɓa ni ita ce ta bidiyo. Ka zauna da yaron bayan wasa, ku kalli inda ya durƙusa da wuri, gwiwoyinsa a kan ƙanƙara, kusurwar saman raga a buɗe. Kada ka yi masa faɗa gaban 'yan wasa.

Sun kawo misalin kocin masu tsaron raga Mitch Korn: daga Jami'ar Miami ta Ohio ya kai ƙungiyar Buffalo ta babbar gasar hoki ta NHL, ya horar da shahararren mai tsaron raga Dominik Hašek.