Bencin Baya

Maman Godiya:
Ga baiti na ajiye, mai amsawa ya riƙe amon "ya".

Ran Lahadi aka kira sunana,
Aka ce wata shida in zauna baya.
Ba Jibin Ubangiji, ba rigar mawaƙa,
Don ciki ya fito, shi ba ya ɓuya.
Mai cikin kuwa yana can gaba,
Shi ke kaɗa ganga, ba ko kunya.
Dattawa, ku ba ni amsa,
Ana yin ciki da mutum ɗaya?

Baba Dattijo:
'Yata, horo ba kora ba ne,
Da sanda makiyayi ke nuna hanya.
Bulus ya gargaɗi Korantiyawa,
Yisti kaɗan kan game curi gaba ɗaya.
In mun kau da kai a kanki,
Me za mu ce wa ƙannenki na baya?

Maman Godiya:
Baba, a gafarce ni, na buɗa Korantiyawa ta Fari, sura ta 5,
Na bi ta daki-daki, aya bayan aya.
Wanda Bulus ya ce a fitar,
Namiji ne, ko na yi ƙarya?

Gwauruwar Michika:
Ku matsa mini in sa baki,
Ni ma ni kaɗai nake riƙon 'ya'ya.
A 2014 Boko Haram suka shigo gari,
Maigida ya fita, bai waiwaya.
Ikilisiyar 'Yan'uwa (EYN) ta ba mu masara da bargo,
Zumuntar Mata ta share mini hawaye, ta yi ɗawainiya.
Ni ana ce mini "sannu, Mama",
Maman Godiya in ta gaida mutane sai a juya.
Alhali kuɗin makaranta bai san bambanci ba,
Zazzaɓin dare ma haka, duk tafiyarmu ɗaya.
Hajaratu da salkarta ta ƙare a jeji,
Ta ajiye yaro, ta koma gefe don tausaya,
Allah ya ji kukan Isma'ilu,
Bai nemi takardar aure ba, ya nuna rijiya.

Baba Dattijo:
Kun haɗu mini, mata, na ji,
Zancen mai ganga ba zan musa ba, gaskiya.
Ubansa ne ya sa mana kwanon rufi,
Shi ya sa bakinmu ya yi nauyi, muka yi shiru da kunya.
Ran Alhamis dattawa za su zauna,
Zan ta da maganar, ko za a sha wuya.

Maman Godiya:
In kun zauna, Baba, a ƙara da wannan:
Shekara biyu ke nan da haihuwar Godiya,
An miƙa sa'o'inta a gaban bagade,
Ita har yau ba a ɗaga ta a ikilisiya.