Tseren motoci a titin Bauchi: tara ta wadatar, ko sai an taɓa mai motar?

Abu Hafsat, Tumfure

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Tumfure da ke Gombe, dab da titin Bauchi, kuma kusan duk yammacin Juma'a da Asabar, musamman idan an fito rakiyar amarya, wasu samari kan mayar da titin filin tsere. Makon jiya ina tsaye wurin mai balangu bayan la'asar, sai ga motoci biyu sun taho kafaɗa da kafaɗa, yara sun turo rabin jikinsu ta taga suna ihu. Ɗaya ta ja burkin hannu, ta juya sau biyu, ta tsaya bai fi taku uku ba daga wata yarinya mai tallar gyaɗa. Farantinta ya kife, ta durƙusa tana tsince gyaɗar hannunta na rawa, 'yan kallo kuwa tafi suke yi suna ɗaukar bidiyo. Yaron da ya fito daga mazaunin direba da wuya idan ya cika shekara 18.

Tambayata ga masana ita ce, me doka ta tanada a kan irin wannan ganganci? Kuma shin hukunci yana gyara halin direba, ko kuwa biya ake yi a koma gidan jiya?

Lauyan Jekadafari

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hafsat. Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta shekarar 2007 ta tanadi tarar naira 50,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun, ga wanda aka samu da tuƙin ganganci, idan kuma gangancin ya yi sanadin rasa rai, ɗaurin yana iya kaiwa shekara bakwai. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a sa'a, kuma ba a ba wa wanda bai kai shekara 18 ba lasisi, saboda haka yaron da ka gani yana iya zama mai laifi tun kafin ya taka totur.

Sai dai ka dubi darajar naira 50,000 a 2007 da darajarta yau, lokacin da ba lallai ta cika tankin motar da ake wasan da ita ba. Yaron da ubansa ya iya saya masa mota ba zai ji zafin wannan kuɗi ba, domin ba daga aljihunsa za su fito ba. A ganina hukuncin da zai yi tasiri shi ne wanda kuɗi ba ya fansa: a tsare motar na tsawon watanni, a dakatar da lasisi, a gurfanar da direban a gaban alƙali da kansa, sannan a haɗa da wanda ya miƙa masa makulli alhali ya san ba shi da lasisi. Ranar da uba ya kwana uku yana hawa Keke Napep zuwa ofis saboda aikin ɗansa, zai ɓoye makulli ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Tsohon Direba, Tashan Dukku

Lauya, Allah ya ƙara basira, amma ina da gyara kaɗan. Na shekara 31 ina jan mota tsakanin Gombe, Bauchi da Kano, kuma abin da na lura shi ne yaran nan ba su san nauyin abin da ke hannunsu ba. Mu a zamaninmu sai ka yi shekaru kana yaron mota, kana wanke ta, kana sa weji, kana kallon ƙafar ubangidanka, kafin a bar ka ka motsa ta a cikin tasha. Yanzu yaro yana koyon mota a mako guda a filin makaranta, ya ɗauka cewa iya juya sitiyari shi ne iya tuƙi.

Ga abin da ba a gaya musu ba. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafarka ta tashi daga totur ta sauka kan burki ka riga ka wuce gida biyu. Kuma idan ka ninka gudu, tazarar da burki yake buƙata ba ninki biyu take zama ba, ninki huɗu ce. Ƙara da taya 'yar gwanjo da ta gama aikinta a Turai, da yashin da ruwan sama ke tarawa a gefen titunanmu. Wanda ya fahimci wannan lissafi ba zai yi wasa a inda almajirai da 'yan talla ke tsallakawa ba.

Kada kuma mu ɗora wa 'ya'yan masu kuɗi laifin su kaɗai. Ɗan acaɓan da ke ɗaga tayar gaba a Pantami, da direban haya da ke ƙoƙarin yin sawu biyu zuwa Bauchi a yini, da mai tifa da ke ganin girman motarsa ya ba shi hanya, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Tun 2017 aka fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya, amma duk wanda ya zauna a tasha ya san cewa direban da bai yarda da ita a zuciyarsa ba yana da hanyar kauce mata.

Maman Sadiq, Bolari

Baba Direba, ka faɗi gaskiya, amma akwai inda ku maza ba ku taɓo ba, wato abin da ke faruwa bayan an yi ɓarnar. Ɗan ƙanwata yana da shekara tara lokacin da motar 'yan biki ta buge shi a hanyarsa ta dawowa daga Islamiyya. Wata huɗu ya yi kwance da ƙarfe a cinya, har yau kuma yana ɗingishi. Kafin a kwana biyu manya sun cika zauren gidan, da buhun shinkafa da ambulan, ana cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri, kada a ɓata zumunci. Mahaifinsa ya ji nauyin mutane ya ce ya yafe. Ba a yi wata guda ba na ga yaron da ya yi aikin a cikin wata motar, da kiɗa yana tashi.

Ba na jayayya da ƙaddara, kuma yafiya alheri ce. Amma addinin da ya koya mana yafiya shi ne ya ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure diyya da kaffara, har da azumin wata biyu a jere, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Idan kuskure na gaskiya yana da wannan nauyi, ina ga wanda ya fito da niyyar tsere a cikin jama'a? Iyaye suna iya yafe haƙƙinsu, amma haƙƙin sauran masu bin titi ba nasu ba ne, kuma bai kamata hukuma ta rufe magana don an sasanta a zaure ba. Ina roƙon limamanmu su riƙa faɗin wannan a wurin ɗaurin aure, kafin a shafa fatiha a watse, domin daga nan ne ayarin yake tashi.

Ɗan Jami'a

Da girmamawa ga iyayena, ina ganin hani kaɗai ba zai wadatar ba. Dalilin da ya sa abokanmu suke yi shi ne tafi da bidiyon da za a ɗora a TikTok, kuma duk wanda ya tsaya yana ɗauka yana da kaso a ciki. Mu mutane ne da suka gaji sukuwa, amma ko a hawan Sallah akwai fili, akwai dogarai masu mayar da jama'a baya. Idan aka keɓe wuri a bayan gari, da rajista da hular kwano da motar asibiti, sannan aka tsananta hukunci a kan titi, mai sha'awar gaske zai samu inda zai je, mai neman suna kuma ba shi da sauran uzuri.

Abu Hafsat, Tumfure

Na gode ƙwarai. Ɗana, ban gamsu da batun keɓe fili ba tukuna, domin wanda ya yi wasan a gabana jama'a yake nema, kuma babu jama'a a bayan gari. Mun zauna da mai unguwa jiya bayan isha'i, mun amince za mu rubuta takarda zuwa ga hukumomin da abin ya shafa mu nemi a sa jami'ai a yammacin Juma'a da Asabar, kuma a yi mana tudun rage gudu kusa da inda yara ke tsallakawa. Lauya, wani maƙwabcina yana da bidiyon ranar, kuma lambar motar ta fito sarai. Shin za a karɓe shi a matsayin hujja, kuma dole ne sai sunansa ya fito a takardar? Yana tsoron abin da zai biyo baya, domin ya san gidan su yaron.